Tsuntsun Dokta Konrad

Masu cewa kishi kumallon mata ne ba su san Djibo ba. Da sun gan shi a watan Maris na 2009, yana zaune a bayan mota tsakanin akwatuna, yana kallon ƙeyar Boukari kamar zai huda ta da ido, da tuni sun gyara karin maganar nan.

Djibo mutumin Madawa ne, magini, shekararsa ashirin da biyu a Sabha ta ƙasar Libiya. A unguwar Tayuri yake zaune da matarsa Zahara, a ɗaki biyu da ya gina da hannunsa. Wata goma na shekara za ka same shi da safe a unguwar Jadid tare da sauran 'yan Nijar, cokalin gini a hannu, yana jiran mai ɗaukarsa aiki. Amma Maris da Afrilu, ko gwamna ne ya zo da aikin gini sai dai ya nemi wani, domin a lokacin ne Dokta Konrad yake zuwa.

Shi Dokta Konrad Bajamushe ne, dogo, siriri, ya haura saba'in, rana ta gasa masa wuya har ya koma kalar tukunya. Tun yana ɗan shekara ashirin da huɗu wani gidan adana halittu a ƙasarsu ya aiko shi Afirka ya tattaro musu abin da Allah ya zuba a jeji: ƙwari, kunamu, ƙadangaru, tsuntsaye, har ciyawa ba ya bari. Ya yi Damagaram, can ya koyi Hausa, ya yi Chadi, daga baya ya maƙale a Fezzan, yankin da Sabha take. Bai ajiye mata ba, bai ajiye ɗa ba. In ka yi masa jaje sai ya ce yana da 'ya'ya dubu arba'in kwance a durowa, kuma babu wanda ya taɓa yi masa rashin kunya a cikinsu.

Shekara goma sha shida Djibo yana biye da shi. Ya iya soke buzuzu da allura ba tare da ya karya masa ƙafa ba. Ya iya feɗe tsuntsu, ya zare fatar da gashinta gaba ɗaya, ya cusa auduga, ya ɗinke, ya kwantar da shi kamar mai barci. Ya kuma san abin da ya fi komai girma a aikin, wato 'yar takardar da ake ɗaura wa kowace halitta. Ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. A kanta ake rubuta wuri, da rana, da sunan wanda hannunsa ya kama. Dokta ba ya wasa da wannan. Ko kai ka nuna, in wani ne ya damƙe, sunan wancan zai rubuta, ko da kuwa shi Dokta ne ya nuna.

"Takardar nan za ta fi mu daɗewa, Djibo," haka yake cewa. "Saboda haka ba a yi mata ƙarya."

Sunan Djibo yana kan takardu ɗari da ɗoriya a Jamus. To amma a kan me? Kunama da buzuzu da tsaka. Wa zai taso daga gidansa ya je ya buɗe durowar buzuzu? Abin da Djibo yake so guda ɗaya ne, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Zahara: sunansa a ƙafar tsuntsun Dokta.

Tsuntsun yana da labari. Shekara talatin da biyu da suka wuce, wata safiya a bakin wani ruwa kudu da Sabha, Dokta ya hango wani tsuntsu mai kama da makwarwa, bai kai ta girma ba, da jan maƙogwaro da baƙin layi biyu a ƙirji. Kafin ya ɗaga bindiga ya tashi. Daga nesa ya gan shi, abin da ya iya zanawa ke nan. Ya kai zanen Jamus ya ce babu irin wannan a littafi, abokan aikinsa suka ce rana ce ta buga shi. Tun daga nan yake nema. Ya sha gaya wa Djibo cewa duk wanda ya kama shi, sunansa zai shiga littattafai, wataƙila ma tsuntsun ya ci sunansa. Djibo ya sha sanyin asuba a bakin rijiyoyi da tafkuna har ya daina ƙirgawa. A wannan shekarar kuma Dokta ya sauko daga jirgi da kwalbar magani a aljihu, ya ce likita ya ce zuciyarsa ta gaji, wannan ne zuwansa na ƙarshe.

Sai ga Boukari.

Boukari ɗan Tasawa ne, mai ban ruwa a gonar dabinon wani Balibiye, Alhaji Emhemmed, a bayan gari. Shekararsa uku kacal a Libiya. Bai san allura ba, bai san auduga ba, bai taɓa jin cewa ana ajiye mataccen ƙwaro a akwati a kuma yi alfahari da shi ba. Kunamu suka je nema a gonar, ƙarƙashin busassun rassan dabino. Dokta ya buɗe littafin aikinsa zai yi rubutu, Boukari ya leƙo yana tauna dabino, ya ga tsohon zanen da ke manne a bangon littafin.

"Wannan ai yana zuwa shan ruwa nan," ya ce, ya tofar da ƙwallon dabino. "Can magudanar gabas. Su biyu ne. Wani lokaci su yi sati ba su zo ba."

Haka ya faɗa, kamar mai ba da labarin akuyar maƙwabci. Dokta ya kama shi da hannu biyu ya sa shi ya maimaita har sau uku.

Daga ranar komai ya juya. Kujerar gaba ta motar Dokta, wadda ta ɗauki siffar zaman Djibo saboda daɗewa, ta koma ta Boukari. Madubin hangen nesa, wanda Djibo bai taɓa samun fiye da goge shi ba, Dokta ya rataya wa Boukari a wuya. Boukari ya juya shi baibai ya leƙa, ya ga Dokta ya zama ɗan mitsitsi, ya kwashe da dariya, Dokta ma ya taya shi. Djibo bai ga abin dariya ba. In an zuba shayi, kofin farko na Boukari ne. In Boukari ya yi tari, sai Dokta ya juyo ko wani bayani ne.

Abin da ya fi ci wa Djibo rai shi ne Boukari mutumin kirki ne. Da mai girman kai ne da an samu abin kamawa. Ina! Yaya Djibo sama, Yaya Djibo ƙasa. Ya ba shi dabino ya kai wa Zahara. Ya buɗe masa ƙofar gaba ya ce, "Yaya Djibo, nan wurinka ne, ni in koma baya."

"Zauna abinka," in ji Djibo. "Ni na fi son kusa da akwatuna."

Ƙarya yake yi, kowane rami motar ta faɗa sai akwati ya dake shi a haƙarƙari.

Zahara ta gane tun kwana na uku. Ta ajiye masa tuwo, ta zauna tana kallon yadda yake juya loma.

"Baban Safia, ka ci abincin nan ko ka ba ni kwanona. Kana tauna tuwo kamar naman wani ne a bakinka."

"Mutumin da bai san gaban madubi da bayansa ba," in ji Djibo.

"To Baturen nan gado aka raba maka shi?"

Djibo ya kai loma baki. Kishi yake yi, ya san kishi yake yi, kuma sanin bai rage masa komai ba.

Safiya tara suna kwanto a magudanar gabas, tsuntsu bai zo ba. A ta goma dole ta sa Dokta tafiya Tarabulus, neman takardar izinin fitar da akwatunansa, kwana uku. Kafin ya tafi ya ce wa Boukari ya ɗana tarkonsa irin na gida, na zaren roba. Sannan ya juyo wurin Djibo.

"In ya kama, zai kira ka. Ka san abin da za a yi. Kayan aiki suna wurinka."

Washegari da hantsi wayar Djibo ta yi ƙara. Boukari ne, yana haki. Djibo ya zuba auduga da 'yar wuƙar fiɗa da zare a aljihun rigarsa, ya tari mota zuwa gonar. Har ya isa bai san abin da zai yi ba, ko kuwa ya sani bai so ya kalla ba.

Boukari yana tsugune a inuwar dabino, ya kife kwando. Ya zura hannu a hankali ya fito da shi ya miƙa wa Djibo.

Shi ne. Jan maƙogwaro, baƙin layi biyu. Zaren tarko ya yanke masa ƙafa ɗaya har ƙashi, fiffike ɗaya ya karye wurin fizga, yana buɗe baki yana rufewa. Djibo ya ji ɗuminsa a tafin hannu, ya ji 'yar zuciyarsa tana bugawa. Hannunsa ya shiga aiki da kansa, kamar yadda ya saba: ya ɗaga fiffiken mai lafiya ya duba ƙarƙashi, ya kalli ido, ya shafa yatsu, ya baza wutsiya ya ƙirga. Bai taɓa riƙe abu mai kyau irin wannan ba. Shekara goma sha shida yana neman wannan ɗumin a hannunsa, ga shi ya samu, amma daga hannun wani ya karɓa. Zai feɗe shi, ya cusa auduga, ya ɗinke ɗinkin da ba wanda ya iya irinsa a duk Fezzan, sannan Dokta ya zo ya ɗaura masa takarda a ƙafa ya rubuta Boukari.

"Yaya Djibo, ba zai kai gobe ba," in ji Boukari. Ya rage murya kamar mai faɗin asiri. "Ni dai na gane. Magani Dokta zai yi da shi. Tsoho ba ya bin tsuntsu ɗaya shekara talatin don ya kalla kawai. Ciwon zuciyar nan tasa ne, ko?"

Audugar tana aljihun Djibo. Kalma uku za su isa a gyara zancen. Ya kalli magudanar ruwa.

"Ai kai ka kama," ya ce. "Kai ka san yadda za ka yi da abinka."

"Ni abin da nake tsoro ya mutu a kwando. Mutumin nan ya girmama ni. Ba zan miƙa masa mushe ba."

"Gaskiya ne," in ji Djibo. "Mushe ba kyau."

Ya mayar masa da tsuntsun. Ya kakkaɓe hannu a riga, ya ce kada Boukari ya gaya wa Dokta ya zo, domin an bar masa aikin ƙwari bai gama ba, za a yi masa faɗa. Boukari ya ce ba komai, tsakaninsu ne. Djibo bai kai ƙofar gonar ba ya ji shi yana kiran matarsa: "Khadidja, kawo wuƙa, ki ɗora ruwa." Ya ƙara sauri.

Ku lura, bai yi ƙarya a kan tsuntsun ba. Boukari ne ya kama, kuma mushe ba kyau. Da wannan ya riƙa lallashin kansa kwana biyu, kuma abin kunya, a kwana biyun nan ya ci tuwon Zahara har da ƙari.

Dokta ya dawo ranar Alhamis da la'asar. Ko masauki bai tsaya ba, ya ɗauki Djibo suka nufi gonar, domin Boukari ya riga ya yi masa waya cewa an dace. A hanya yana tuƙi yana waƙa da yarensu, tsoho da shi. Ya tambayi Djibo ko fatar ta fita lafiya. Djibo ya ce shi ba a kira shi ba.

Dokta ya daina waƙar.

Boukari ya sa farar rigarsa ta Juma'a tun kafin Juma'ar ta zo. Ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya shiga ɗaki ya fito da kwano mai murfi, riƙe da hannu biyu, ya durƙusa ya ajiye a gaban Dokta. Ya buɗe. Ɗan tsuntsu ne soyayye, an barbaɗa masa gishiri da yaji, an kewaye shi da yankakkiyar albasa.

"Da sunan Allah na yanka shi, Dokta, yana da sauran rai. Khadidja ta soya shi sosai don kada ya lalace kafin ka dawo. Allah ya sa maganin ya karɓe ka."

Dokta ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya zauna, ba a kan tabarmar ba, a ƙasa inda yake tsaye.

"Gashin fa?"

"Ta share ta zuba a murhu."

"Kai da ƙafafu?"

"Mage ta ɗauka." Murmushin Boukari ya fara gushewa. Ya kalli Dokta, ya kalli Djibo. "Na yi ba daidai ba ne?"

"Ɗayan yana zuwa?"

"Tun ranar bai dawo ba."

Dokta bai yi faɗa ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi wa Boukari bayani a hankali, kamar mai karanta wasiƙar rasuwa, cewa ba nama yake nema ba, fata da gashi yake nema, su ne shaida. Sannan ya tambaye shi me ya hana shi kiran Djibo.

Nan Boukari ya gane komai. Djibo ya ga lokacin da ya gane, ya ga idonsa ya zo kansa ya tsaya. Djibo ya jira a tona masa asiri. Amma Boukari ya sunkuyar da kai.

"Ranar wayata ce ba caji, Dokta. Laifina ne."

Djibo ya saki numfashi. Ya tsira. Babu fata, babu littafi, babu tsuntsun da zai ci sunan ɗan Tasawa. Har wani sanyi ya ji a ransa, Allah ya yafe masa.

To amma Dokta mutumin aiki ne, ko gidansa ke cin wuta sai ya rubuta ƙarfe nawa ta kama. Ya zaro littafinsa da alƙalami. Ya ce ƙasusuwan za su yi ɗan amfani, sauran kuma sai abin da Boukari ya gani da idonsa.

"Ka kwantar da hankalinka ka tuna. Idonsa wane launi ne?"

"Ido dai, Dokta. Irin na tsuntsu."

"Ƙarƙashin fiffike?"

"Toka-toka, ina jin. Ko ja-ja."

Dokta ya rubuta. Ya dafa kafaɗar Boukari, domin ya ga mutumin yana neman yin kuka.

"Kada ka damu. Duk abin da ka faɗa zinariya ne. A duk duniya kai kaɗai ne ka taɓa riƙe tsuntsun nan da rai. Abin da ka ce, shi za a sani."

Maganar nan ta shiga Djibo kamar ƙaya a ƙarƙashin farce. Shi kaɗai? Wannan da ke cewa ido irin na tsuntsu? Ya ciji leɓe, ya kalli dabino, ya kalli ƙasa.

"Yatsun ƙafarsa, da gashi ko babu?"

"Babu," in ji Boukari. "Kamar na kaza."

Alƙalamin Dokta ya sauka a kan takarda.

"Da gashi," in ji Djibo.

Bai yi niyya ba, wallahi bai yi niyya ba. Amma da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa.

"Da gashi har bakin farce, fari, mai laushi. Wane irin na kaza? Idon baƙi ne, da zobe kore a kewaye, kore mai haske. Ƙarƙashin fiffike fari ne tas, ba toka ba, da baƙin tabo ɗaya kusa da gaɓa, kamar an ɗiga tawada. Layin ƙirji na sama ya fi na ƙasa siriri, tsakaninsu ruwan ƙasa ne. Gashin wutsiya goma sha shida, biyun tsakiya sun fi tsawo da kamar rabin yatsa. Namiji ne. In za a rubuta a rubuta daidai."

Ya dasa aya. Sai a lokacin ya ji ƙarar injin ban ruwa daga can ƙarshen gonar. Boukari ya rufe fuska da hannu.

Dokta bai ɗago ba sai da ya rubuta duka, kalma bayan kalma. Ya ja layi a kan abin da Boukari ya faɗa. Har ya tambaya, da muryarsa ta aiki, ko tabon yana fiffiken dama ne ko hagu, Djibo ya ce na hagu ya duba, na dama a karye yake. Ya rubuta wannan ma. Sannan ya ɗago ya kalle shi. Ba fushi a idon, da ma fushin ne da sauƙi.

"Ka ƙirga wutsiyarsa," ya ce.

"Na ƙirga."

"Da auduga a wurinka?"

"Tana aljihuna."

Dokta ya gyaɗa kai. Ya zaro 'yar takarda daga jakarsa, ya ɗora a kan littafin, ya yi rubutu ƙanana gaba da baya. Da ya gama ya karanta musu da Hausa, kamar yadda ya saba yi wa duk wanda sunansa ya hau takarda.

"Sabha, gonar dabino, magudanar gabas. Ashirin da huɗu ga Maris. Boukari ya kama. Ƙasusuwa kawai. Siffar tsuntsun daga bakin Djibo, wanda ya riƙe shi da rai, ya auna shi, ya mayar aka yanka." Ya dubi Djibo. "Akwai kuskure?"

"Babu."

"To sunanka ya shiga. Duk wanda ya zo neman tsuntsun nan, da kai zai fara."

Djibo ya durƙusa a gabansa, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha shida.

"Dokta, don Allah a cire sunana. A bar na Boukari shi kaɗai."

"Da tawada na rubuta, Djibo."

Ya juya wurin Boukari ya ce a samo masa ruwan ɗumi da ƙaramin kwano, za su raba naman da ƙashi, zai nuna masa yadda ake yi. Boukari ya tashi da sauri ya nufi ɗaki. Dokta ya naɗe hannun rigarsa ya jawo kwanon gabansa. Djibo yana nan durƙushe, ba wanda ya ce ya tashi, ba kuma wanda ya ba shi abin riƙewa.